Shinkon Bana

Sai da ya sa ni rantsuwa kafin mu fita daga gida. Ba ta fatar baki ba kuwa. Hannuna ya ja har gaban ɗan akwatin da muke ajiye hotunan marigayan iyayensa, ya kunna turare, ya ce in faɗa su ji da kunnensu.

"Ki ce ba za ki gaya masa ba."

"Haba Baban Shinpei, ɗanka ne fa."

"Fusae, ki faɗa, ko in tuɓe kwat ɗin nan in koma in kwanta."

Shekara arba'in da huɗu ina zaune da mutumin nan, na san in ya ce zai kwanta, to ko gobara ce ta tashi sai dai a fitar da shi da shimfiɗarsa. Na faɗa. Na rantse a gaban uwarsa da ubansa ba zan gaya wa ɗanmu cewa harshen ubansa ya mutu ba.

Mijina Tokuzo shekara hamsin ya yi yana dunƙula sushi, lomar shinkafa da yankan ɗanyen kifi a kai, a ɗan shagonmu na unguwar Tateishi. Kujera tara ce, ni ce mai shayi, ni ce mai wanke-wanke, ni ce kuma mai shan faɗa. Bara ciwon daji ya kama shi a gindin harshe. Aka yi masa gashi da na'ura a asibiti sau talatin da biyar, ciwon ya lafa, amma ya tafi da ɗanɗano, ya tafi da miyau, hancin ma sai a hankali. Mutumin da in ya lashi shinkafa zai gaya maka an canza kamfanin gishiri, yau ka ba shi zuma ka ba shi toka duk ɗaya ne. Ranar da ya tabbatar bai ce da ni komai ba, ya rubuta takarda ya manna a ƙofar shago, wai gwiwa ce ta hana shi tsayuwa. Gwiwar da yake hawa bene da ita kamar ana kora shi! A watan Mayu kuma likita ya ce abin ya sauka huhu. Na ce masa to yanzu yaya ke nan? Ya ce in akwai inda muke son zuwa, mu je kafin sanyi ya shigo. Tokuzo na zaune yana gyara maɓallin riga kamar maganar wani ake yi.

Shinpei shi kaɗai muka haifa, kuma shekara tara ke nan rabonsa da ubansa. Tun yana ɗan shekara goma sha takwas yake bayan kanta tare da shi, hannunsa ya faɗa, kowa ya shaida. Sai ya fara fito da sababbin abubuwa. Wai a ajiye kifi kwana goma kafin a yanka, wai a bar ruwan waken soya a sa gishiri da lemun tsami, wai a turara wani da hayaƙin karan shinkafa. Wata rana Tokuzo ya ɗanɗana ɗaya a gaban baƙi, ya juya ya tofar a kwandon shara, ya kurkure baki da shayi, ya ce, "In wasan yara za ka yi, je ka yi a wani wuri." Yaron ya ninke farar rigarsa ya ajiye a kan kanta ya fita. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan bai kira ba, wancan bai nema ba, ni ce a tsakiya, ina buga waya a ɓoye daga ɗakin wanka, da furfurata da komai.

Yanzu Shinpei yana da wurinsa a unguwar Kagurazaka, kujera takwas, sai ka yi wata huɗu kana jiran layi. Babu takardar abinci, babu zaɓe. Abin da teku ta bayar a satin, abin da maigida ya ga dama, shi zai ajiye maka ɗaya bayan ɗaya. Matarsa Kaho ce ta bugo ta ce ya ware mana kujera biyu, ranar Alhamis da rana. Na ajiye wayar na shiga kicin na sha kukana. Shekara tara ina roƙon ranar nan, sai ta zo bayan an kwashe abin da za mu tarbe ta da shi.

Na ce mu gaya masa tun a waya. Tokuzo ya ce sam.

"In ya sani, kunu zai dama mini, ya tsaya yana kallona da idon tausayi. Ni ba jinya zan je ba. Zan zauna a gabansa kamar kowane baƙo."

"To in ya tambaye ka yaya ka ji fa?"

"Ina da ido, ina da yatsu."

"Kana da taurin kai dai."

Cikin wannan zafi na Yuli ya naɗa ƙyalle a wuya don ya rufe ƙunar gashin. A jirgin ƙasa ina lura da shi, bakinsa sai motsi yake yi a hankali, ya girgiza kai, ya sake farawa.

"Me kake karantawa?"

"Ina ruwanki."

Da muka isa, Kaho ce ta ɗaga mana labulen ƙofa. Ranar ce ta fara ganin surukinta ido da ido, don ko bikinsu bai je ba, ta rusuna har na ji tsoron kada ta kifa. Ta kai mu kujeru biyu na tsakiya, daidai gaban katakon yanka, inda ake zaunar da baƙon da ake ji da shi. Sauran mutum shida sun riga sun zauna. Ga Shinpei can bayan kanta, ya aske kai tas, hannun riga a naɗe.

"Barkanku da zuwa," ya ce, da muryar da yake yi wa kowa.

Tokuzo ya shafa katakon kantar da tafin hannu. Ya dubi wuƙaƙe, ya dubi tsumman goge hannu, ya dubi faratan ɗansa. Sannan ya dubi fuskarsa.

"Ka rame, Baba," in ji Shinpei ƙasa-ƙasa.

"Tsufa ne. Kai ma ga saje ya yi fari."

Shi ke nan fa! Gaisuwar shekara tara ke nan. Wallahi ji na yi kamar in kama kawunansu in gwara.

Shinpei ya bi baƙi da tambayar da ake yi kafin a fara: "Akwai abin da wani ba ya ci? Ko wata larura?" Da ya zo kanmu na buɗe baki. Sai na ji takalmin Tokuzo a kan ƙafata, ya danne da dukkan nauyin da ya rage masa.

"Babu," ya ce. "Mun bar maka."

Na farko farin kifi ne, an yayyafa masa gishiri, an ɗiga lemun tsami. Sushi ba ya jira, da an ajiye ake ɗauka, tun ɗumin hannun maigida yana jikin shinkafar. Na kai baki. Kai! Shinkafar ta watse da kanta kafin in tauna, kifin ya biyo baya da wani zaƙi wanda sai ka yi shiru za ka ji shi. Ɗana ya iya. Abin da ya fara zuwa mini ke nan, na biyu kuma haushi. Don me ni ce nake ji? Ni da ko ƙwai na soya sai an yi mini gyara?

Tokuzo ya ɗauki nasa da yatsu uku. Ya auna nauyinsa, ya juya ya dubi gindinsa, ya sa a baki. Ya tauna. Ya ci gaba da taunawa. Babu miyau, shinkafar ta ƙi wucewa, na ga maƙogwaronsa yana kai-komo a ƙarƙashin ƙyallen. Dole ya miƙa hannu ya ɗauki kofin shayi ya kora.

Shinpei yana yanka na biyu, amma ya gani. A sana'ar nan maigida ba ya tambayar ka yaya ka ji, abin kunya ne. Fuskarka yake karantawa ta wutsiyar ido, ya ga inda girarka ta ɗaga, ya ga inda ka rufe ido. Wanda kuwa ya haɗiye loma ya bi ta da shayi nan take, tun ɗanɗanon bai gama zama ba, to ya gaya maka ne yana so ya wanke bakinsa. Kowane mai sushi ya san wannan. Balle yaron da aka taɓa kurkure baki a gabansa.

Na biyu, shayi. Na uku, shayi. Fuskar Tokuzo kamar bango, don babu abin da yake isa gare ta. Ni kuwa na shiga yabo ba ji ba gani, ko zan cike ramin.

"Shinpei, wannan ai sai a ci da kunne! Wannan kifin tuna kwana nawa ya yi?"

"Sha biyu, Mama. Na gode."

Ko kallona bai yi ba. Ya san ni, ko tsakuwa ya dunƙula mini zan ce da daɗi. Ba yabona yake jira ba.

A gefen Tokuzo akwai wani mai tumbi, Hagiwara suke kiransa, da gani ɗan gida ne. Kowace loma sai ya ɗauke ta hoto, ya ci, ya buga cinya. Ya juyo ya dubi mijina da kwat ɗinsa ta shekara ashirin.

"Tsoho, yau ka shigo gari! Ka taɓa cin irin wannan kuwa?"

"Ban taɓa ba."

"To ka rage shan shayin nan, kana wanke abin arziki. Shayi ai akwai a gida. Ko ba haka ba, maigida?"

"Kowa da yadda yake ci, Malam Hagiwara," in ji Shinpei, yana goge wuƙa.

"A'a, ni gaskiya nake faɗa. Wata huɗu na yi ina jiran kujerar nan, matata ma ban jira ta haka ba."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, don kada a ga hawayen da ya taru mini. Kaho ta zo ta bayanmu da buta, karo na uku ke nan tana cika kofin. Ta sunkuyo kusa da kunnena.

"Mama, Baba lafiya kuwa?"

"Zafin gari ne, 'yar nan. Ƙishi yake ji."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ina ganin abin da Shinpei yake yi, don shekara arba'in ina kallon hannun masu sana'ar nan. Neman ubansa yake yi. A na huɗu ya rage masa wasabi, ɗan yajin nan da ake shafawa a ƙarƙashin kifin. Bai ga komai ba, a na biyar ya ƙara. Ya rage girman shinkafar. Ya buɗe sabon akushi ya ɗebo mai ɗumi. Ya sassauta dunƙulawa, ya sake matsewa. Kamar mai gwada mukullai a ƙofa, ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina zaune na san ɗakin babu kowa. Sauran baƙi ba su lura da komai ba, suna ta cin abincinsu.

Sai ga Kaho ta fito daga ciki da faranti yana hayaƙi. Kifin nan ne da ake turarawa da karan shinkafa, irin wanda aka tofar shekara tara da suka wuce. Na ga yadda Shinpei ya ɗan tsaya kafin ya ajiye na ubansa. Tokuzo ma ya gane shi da ido. Ya gyara zama, ya ɗauka da girmamawa, na rantse so yake ya ci wannan ba tare da shayi ba. Ya tauna, ya yi ta fama, jijiyar goshinsa ta fito. Sai ƙwayar shinkafa ta sarƙe shi. Ya juya baya ya toshe baki da tawul yana tari, tarin nan mai fitowa daga ƙasan ƙirji, wanda ni kaɗai na san ma'anarsa a ɗakin. Ya ɗauki shayi ya shanye kofin duka.

Kunnuwan Shinpei suka yi ja. Tun yana yaro haka suke yi masa.

Na ce a raina rantsuwar nan ta ci gidansu. Zan tashi kamar zan shiga bayi, in ja Kaho gefe in gaya mata, iyayen Tokuzo su yi mini duk abin da za su yi. Na yunƙura. Tokuzo ya damƙe gefen siket ɗina a ƙarƙashin kanta.

"Zauna," ya ce, bakinsa ko motsi bai yi sosai ba. "Ba a tashi ana tsakiyar ci. In kika tashi, ni ma na tashi, kuma ba zan dawo ba."

Na zauna. In na faɗa, ya fita, kuma zaman nan shi ne na ƙarshe. In na yi shiru, ɗana zai ci gaba da ɗauka ubansa ya taso tun daga Tateishi ne don ya sake kurkure baki a gabansa. Na rasa inda zan sa kaina, sai na ɗauki citta na sa a baki.

"Yanzu kuma shinko," in ji Shinpei. "Na bana."

Hagiwara ya tafa. Ai dole. Shinko sati uku yake yi a shekara, 'yan mitsi-mitsin kifi masu walƙiya, tsawon ɗan yatsa, da sun ƙara girma kaɗan sunansu ma ya canza. Sai an feɗe huɗu ko biyar kafin a rufe loma ɗaya. Wahalarsa ta fi ribarsa, amma da shi ake gane hannu, don gishirinsa da tsaminsa da minti ake auna su, kuma kowane gida da yadda yake jiƙa nasa. A Tateishi in aka ce shinko, to Tokuzo ake nufi. Akwai masu tasowa daga wani gari saboda shi.

Shinpei ya yi wa mutum shida nasu daga babban faranti. Da ya zo kanmu sai ya sunkuya ya fito da wani ɗan faranti daban daga ƙasan kanta. Ya jera kifin a kan shinkafa, ya dunƙula, ya ajiye nawa, ya dunƙula na biyu, ya ajiye na ubansa. Ya koma baya taku ɗaya ya haɗa hannu a gaba, ya daina aiki gaba ɗaya.

Na kai baki, sai ga ni a shagonmu. Ga Tokuzo da sassafe ya duƙa a kan katako da tsinin wuƙa, kifi ɗari biyu a gabansa, yana yi mini tsawa in kashe fanka. Wannan tsamin na san shi kamar sunana. Ba ruwan kal zalla ba ne, akwai ruwan ume a ciki, 'ya'yan itacen nan da nake jiƙawa da gishiri duk shekara yadda uwar Tokuzo ta koya mini. Cokali biyu yake sawa, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba, sai wanda ya tsaya kusa da shi shekara da shekaru ya gani. Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa Kaho ta roƙe ni kwalba ɗaya a watan jiya, wai tana son sa a kan shinkafa. Ashe yaron nan a tsakiyar abincinsa na zamani ya ajiye duk abin da ya ƙirƙiro, ya yi wa ubansa shinkon ubansa, ba ragi ba ƙari. Ban-haƙurinsa ke nan. Ba zai iya faɗa da baki ba, jininsu ba ya iyawa.

Na juya in taɓa Tokuzo, bakina cike, amma ina! Ya riga ya sa nasa. Ya tauna a hankali. Ya kora da shayi. Ya ajiye kofin, ya ɗora hannu biyu a kan gwiwa, ya ɗaga kai ya dubi ɗansa. Na ga leɓensa ya yi irin motsin da yake yi a jirgi, sai na gane abin da ke tafe.

"Shinpei," ya ce. "Wannan ba irin nawa ba ne. Naka ne, na zamaninku. Amma kowa da hannunsa. Ka bi hanyarka, ban hana ka ba."

Wayyo ni. Maganar da ya yi ta haddacewa ke nan tun daga Tateishi. Ya ajiye ta har sai an zo kan shinko, kifin da yake alfahari da shi, don ta fi nauyi. A shekara saba'in da huɗu da ya yi a duniya bai taɓa saukar da kai irin na ranar ba, na san abin da ta ci masa kafin ta fito. Kuma babu maganar da ta kai ta ciwo a kunnen yaron.

Shinpei ya saki hannuwan da ya haɗa a gaba.

"Ba irin naka ba ne," ya maimaita.

"A'a. Amma ba laifi."

"To. Na gode, Baba."

Ya rusuna kaɗan. Ya ɗauki ɗan farantin ya mayar ƙasan kanta, ya jiƙa tsumma ya shiga goge katakon da babu komai a kansa. Shekara goma sha huɗu ya yi a gefen ubansa, ya yi shekara tara yana riƙe da wannan ɗanɗanon a ka, yau mai abin ya ce bai yi kama ba.

Hagiwara ya ce, "Au, Baba? Maigida, mahaifinka ne? Tabɗi! Tsoho, a yafe ni, bakina ba shi da linzami."

Na matso da bakina kunnen Tokuzo. "Naka ne," na ce. "Naka ya yi maka. Ruwan umena ne a ciki."

Bai juyo ba. Hannunsa dai ya kai kan kofi, ya ture shi har shayi ya zubo a kan katako. Ya janye hannun ya ɓoye a ƙarƙashin kanta.

Sauran abincin ban san yadda ya wuce ba. An kawo jatan lande, an kawo miya, an kawo wainar ƙwai a ƙarshe. Na ci duka don ba a mayar da loma, amma ni ma a lokacin toka nake ci. Shinpei ya daina gwada mukullansa. Yadda ya yi wa kowa haka ya yi wa ubansa, babu bambanci.

Da aka gama ya yi tambayar da ake rufewa da ita: "Akwai abin da za a ƙara wa wani?" Hagiwara ya ce tuna. Wata mata ta ce ta ƙoshi. Tokuzo ya yi gyaran murya.

"Shinkon nan. Ƙara mini."

"Wanda na ba sauran baƙi akwai saura ɗaya."

"Wanda ka ba ni nake so."

"Na loma biyu na jiƙa. Babu."

"To gobe."

"Guguwa na tafe, jiragen masunta ba za su fita ba sai wani satin. Kafin nan sun girma. Na bana ya wuce." Ya rage murya yadda mu kaɗai za mu ji. "Na ga Mama ta raɗa maka, Baba. Ba sai ka wahalar da kanka ba. Harshenka ba ya ƙarya, shi ya sa na kira ka. Ka ce bai yi ba, to bai yi ba."

Na dubi Tokuzo. Na roƙe shi da ido, na roƙe shi da gwiwata da nake buga tasa. Kalma uku ce kawai, harshena ya mutu, ya faɗa a huta. Na ga bakinsa ya buɗe. Ya dubi Hagiwara, ya dubi sauran baƙin da suke ninke tawul, ya dubi ɗansa cikin farar riga a bayan kantarsa. Ya rufe bakin. Ya dafa katako ya miƙe.

"Mun gode da abinci," ya ce.

Shinpei ya rako mu har waje kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Rana ta take, gyare sai kuka suke yi a bishiyar bakin layi. Kaho ta miƙo mini lema, idonta ya yi ja. Uba da ɗa suka tsaya suna fuskantar juna, tsayinsu ɗaya, har karkata kafaɗar iri ɗaya.

"Zan sake gwadawa," in ji Shinpei, yana kallon ƙasa. "Baɗi in shinko ya shigo zan ajiye muku kujera. Kafin nan zan nemo inda na kuskure."

"In da rai," in ji Tokuzo.

"Shinpei," na ce, "babanka..."

"Babanka ya ƙoshi," in ji Tokuzo, ya saƙalo hannunsa a nawa, abin da bai taɓa yi a titi ba ko muna amarya da ango. Ya ja ni. Nauyinsa duka a kaina yake, da na fizge da ya faɗi a gaban ɗansa. Na waiwaya, Shinpei ya rusuna a bakin labule, kuma na san ba zai ɗago ba sai mun sha kwana.

Muna shan kwanar Tokuzo ya sake ni. Akwai wani dakali a gaban shagon da aka rufe, ya zauna a kai, ya warware ƙyallen wuyansa, gumi ya jiƙe shi sharkaf. Na tsaya a kansa da lema. Ina da maganganu cike da ciki, na shirya in zazzage masa su tas, in ce masa ya kashe yaron nan da girman kansa, in ce masa ni na gaji. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Fusae. Yaya yake?"

"Irin naka ne sak. Ko kai ka yi iyakarsa ke nan."

"Na ji wannan. Nawa ɗin nake tambaya." Ya haɗiyi abin da babu. "Yaya yake? Na manta."

Shekara arba'in da huɗu ina cin shinkon mutumin nan, ban taɓa tunanin za a ce in faɗe shi da baki ba. Na ce da tsami, amma ba sosai ba. Na ce gishirin daga baya yake zuwa. Na ce akwai sanyi-sanyi a fatar. Ya rufe ido, busasshen harshensa yana motsi a cikin baki, yana nema.

"Ci gaba," ya ce.

Na laluba ban sami komai ba. Na sake cewa da tsami.